Yawo a cikin Kano ba da motar kanka ba: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyin kullum sai an maimaita su, daga baƙin da suka zo sari kasuwar Kantin Kwari, da sabbin ɗaliban Jami'ar Bayero (BUK), da amaren da aka kawo daga wani gari, har da masu jinya da aka turo asibitin Malam, wato asibitin koyarwa na Aminu Kano. Shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Abun da nake so kowa ya riƙe tun daga farko shine a Kano babu allon da zai nuna maka hanya a bakin titi, babu tikiti, babu jadawalin lokaci, komai da baki ake yinsa, kuma kafin ka shiga ake yi ba bayan ka zauna ba.

Wane irin abun hawa ake samu a cikin gari?

Adaidaita sahu, shine kusan komai. Babur ne mai ƙafa uku ruwan ɗorawa, mutum uku a baya, wani lokacin a ƙara ɗaya a gaba gefen direba. Ya shigo Kano ne a 2005 lokacin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kuma asali dan mata aka kawo shi saboda a raba su da hawa acaɓa. Yau kowa hawa yake, maza da mata, ƴan makaranta da ƴan kasuwa, kuma zaka ji ana ce wa direban ɗan sahu.

Bas-bas na haya suna nan amma sun ragu sosai, an fi samunsu a dogayen layuka masu fita bayan gari, sun fi araha sai dai zaka jira lodi kuma duk inda aka ɗaga hannu sai an tsaya. Tasi ta cikin gari kam ta yi ƙaranci. Akwai motocin da ake kira ta waya irin su Bolt, suna da amfani in zaka filin jirgi ko kana da baƙo. Kaya masu nauyi kuma kurkura ake nema, wato ƙaramin abun hawa na ɗaukar kaya, duba amsar cefane da sari a ƙasa.

Acaɓa fa, ba a yi ne?

An hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni tun watan Janairun 2013, zamanin Kwankwaso, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Wannan hanin ne ma ya sa sahu ya cika gari haka. A unguwannin gefe da lungunan da sahu baya son shiga zaka iya ganin masu babur suna ɗauka, amma a manyan titunan cikin gari kar ka sa rai da shi.

Ni baƙo ne, ta yaya zan gane wanda zai bi hanyata?

Nan ne mutane suka fi wahala kuma gaskiya abun ba wuya in ka gane tsarin. Ɗan sahu ba ko'ina yake zuwa ba, yawanci kowa da layin da yake bi yana kai da kawowa, kuma layukan nan manyan titunan da suka fita daga tsakiyar gari ne. Titin Zariya ya bi ta Dangi, Gyaɗi-gyaɗi da asibitin Malam, Unguwa Uku har Na'ibawa da Ƴan Lemo. Titin Maiduguri ya bi ta Tarauni, Hotoro zuwa Mariri. Titin Haɗeja shine na Yankaba. Titin Katsina shine na Kurna, Rijiyar Lemo, Bachirawa, Miltara har Dawanau. Titin BUK kuma ya taso daga Gidan Murtala ya bi jikin ganuwa ta Ɗan Agundi, Ƙofar Na'isa, Gadon Ƙaya, tsohuwar jami'a, Kabuga, daga nan ya zama titin Gwarzo ya wuce Janbulo da Rijiyar Zaki zuwa sabuwar jami'a. Sai titin Aminu Kano da ya haɗa Tal'udu da Goron Dutse da Gwammaja zuwa Ƙofar Ruwa, sai ɓangaren Zoo Road da Sheka da Sharaɗa da Panshekara.

Duk waɗannan layukan kusan a wuri ɗaya suke zubewa, wato Bata da Ƴan Kura, inda kasuwar Sabon Gari da Singa da Kwari suke kusa da juna. Dan haka in ka rasa yadda zaka yi, nemi mai zuwa Bata, daga can babu unguwar da ba zaka samu nata ba. Abu na biyu, ka tsaya a hannun da ya dace, dan in kana tsallaken titi duk wanda ka tare kai zai kaɗa maka ya wuce kai kuma ka ɗauka wulaƙanci ne alhali ba can ya nufa ba. Tambayi mai shayi ko mai kanti na kusa, ka ce Malam dan Allah a ina zan tsaya in samu na Kurna, zai nuna maka har ya gaya maka kuɗin, matambayi baya ɓata.

Kuma ka ambaci wurin da aka sani, ba lambar gida ko sunan layi na takarda ba. Ka ce gidan mai kaza, masallacin Juma'a kaza, danja, kwanar kaza, ƙarƙashin gada. Da haka ake kwatance a Kano.

Me ya sa in na faɗi inda zani sai su ƙi ɗaukata ko su faɗi kuɗi mai yawa?

Saboda tafiyar taka ta haɗa layi biyu ko uku. Misali kana Hotoro zaka Rijiyar Lemo, in ka tare ɗan sahu ka ce Rijiyar Lemo kai tsaye toh ya ɗauka shata kake so, wato ya ɗauke ka kai kaɗai, zai faɗi kuɗin shata. Abun da ƴan gari suke yi shine su yanka tafiyar, ka hau na Bata ka sauka, ka ɗan taka ka hau na Kurna da Rijiyar Lemo. Haka mai tasowa daga Na'ibawa zuwa Kabuga, ya sauka a hanya ya canja wanda ya bi titin BUK. Hawa biyu na haɗaka kusan kullum ya fi shata ɗaya sauƙi nesa ba kusa ba. Bambancinsu yana cikin amsar haɗaka da dirof a ƙasa.

Nawa ne kuɗin sahu, kuma ana ciniki?

Ba zan rubuta farashi a nan ba dan kafin ka karanta ya canja. Kuɗin sahu da kuɗin fetur tare suke tafiya. Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 lita bata kai naira 200 ba, cikin ƴan kwanaki ta haura 500, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000, kaga zamanin da ake hawa da hamsin ya wuce. Abun da baya canjawa shine yadda ake yi. Ka tare shi, ka faɗi inda zaka, ka tambayi kuɗi kana tsaye a ƙasa. Zaka ji kamar haka, "Malam Kabuga nawa?" ya faɗa, ka ce "a'a kaza zan bayar", in ya yi masa ya ce shigo, in bai yi ba ya ja gaba kai ma ka jira na baya, ba faɗa ba zagi. Rigimar da ake gani a bakin titi yawancinta daga shiga ba a yi magana ba ne, sai an isa kowa ya kawo nasa lissafin.

Ina roƙon mu kuma mu riƙa yin adalci a cinikin nan. Mafi yawan ƴan sahu ba su suka mallaki babur ɗin ba, akwai balas da zasu kai wa mai shi kullum ko duk sati, ga mai, ga haraji, ga faci da bakanike, abun da ya rage shine na cefanen gidansa. Ka san kuɗin hanya dan kar a cuce ka, amma in ka ga abun da ya faɗa shine kowa yake biya toh ka biya kawai. Da safe lokacin fita aiki, da yamma lokacin tashi daga kasuwa, da sanda ake ruwa, dole ka ga ƙari.

Mene ne bambancin haɗaka da dirof?

Haɗaka shine ka biya kuɗin kujerarka kaɗai, yana tafe yana ɗiban wasu yana saukewa, kuma a bakin babban titi zai ajiye ka. Dirof ko shata kuma ka ɗauke shi gaba ɗaya, ba zai ɗauki kowa ba har ƙofar gidan da zaka. In kai kaɗai ne ba kaya, haɗaka. In ku uku ne, ko da yara, ko tsohuwa da bata iya doguwar tafiya, ko gidan a cikin lungu yake, dirof ya fi, wani lokacin ma in kun lissafa kuɗin kusan ɗaya ne. A dirof ka fayyace komai tun farko, har cikin layi ne ko bakin titi, zai jira ka ne ya dawo da kai, akwai tsayawa a hanya ko babu. In ka shiga shi kaɗai ne babu fasinja ka ce masa haɗaka nake so, dan kar a je ya ce ai shata ka yi.

Suna karɓar taransifa? Matsalar canji fa?

Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 da yawa sun buɗe asusun OPay ko Moniepoint ko PalmPay, wasu ma sun manna lambar a bayan kujerar direba. Amma ba kowa ba, kuma sabis yana iya ƙin tafiya ka tsaya kana jira shi kuma fasinjoji na masa magana. Dan haka ka tambaya kafin ka hau. Mafi kwanciyar hankali ka fito da ƙananan kuɗi, ƴan ɗari da ɗari biyu, in dubu ce a hannunka da sassafe ka faɗa masa tun a ƙasa, "dubu ce fa a hannuna kana da canji?" Sannan ka ware kuɗin motar a aljihu daban, dalilin yana cikin amsar sata a cikin sahu a ƙasa.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a fita?

In kana da zaɓi, tsakanin ƙarfe goma na safe zuwa azahar. Kafin nan ƴan makaranta da ma'aikata sun cika hanya, daga la'asar zuwa bayan magariba kuma kasuwa ce take tashi, titin IBB daga Ƙofar Mata zuwa Kwari da Wambai, da Bata, da titin Katsina wajen Kurna duk sai a hankali. Gadojin da aka yi sun taimaka, ta Ƙofar Nasarawa, ta Dangi, ta Sabon Gari, ta Hotoro, da na ƙasa irin na Kabuga da Gadon Ƙaya, amma ka lura in a ƙasan gada zaka sauka ka faɗa da wuri, dan in ya hau sama sai ya wuce da kai can gaba ka dawo da ƙafa.

Akwai ranakun da sai ka yi shiri na musamman. Ranar Juma'a ana tare tituna kusa da masallatai lokacin sallah, su ma ƴan sahun masallaci suke tafiya, ka gama uzurinka kafin sha biyu ko ka bari sai bayan an sauko. Asabar ɗin ƙarshen wata akwai tsaftar muhalli, ba zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe. Da azumi kuwa awa ɗaya kafin shan ruwa kowa sauri yake, sahu yana wuya kuma tuƙin ganganci yana yawa, wallahi gara ka koma gida tun la'asar. Lokacin hawan sallah in ana yi, cikin birni da hanyar Nasarawa a rufe suke. Da damina in hadari ya haɗo ka nemi abun hawa tun kafin ya sauko, dan ruwa yana kwanciya a tituna da dama, sahu kuma labulen leda ne kawai a gefensa, wasu ma babu.

Ana samun sahu da daddare?

A watan Yulin 2022 gwamnati ta sa dokar hana sahu aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe saboda tsaro, tun daga nan ya zama da an doshi goma suna raguwa kuɗin kuma yana tashi. In biki zaki je ko dubiya, ki shirya komawa tun tara, ko ki yi magana da ɗan sahun unguwarku da kika sani ya zo ya ɗauke ki. Kowane gida ya kamata a ce suna da lambar ɗan sahu ɗaya ko biyu amintattu, ranar da naƙuda ko ciwon dare ya taso zaku gane amfaninsa.

Ni mace ce, ya zan yi in na tarar da maza a ciki?

Kina da damar ki ce a'a ki jira wani, ba wanda zai ga laifinki. A al'adar garin nan in mace zata shiga, namijin da ke baya yakan matsa gefe ko ya koma gaba wajen direba, kuma ɗan sahu mai hankali da kansa zai ce "Malam dan Allah dawo gaba Hajiya ta zauna". In ku biyu ne mata ku zauna jere. Kar ki yarda a saka ki a tsakiyar maza biyu, musamman da yamma ko a hanyar da ba mutane.

Ki tattare mayafi da bakin hijabi ko abaya ki riƙe a cinya, kar ya riƙa lilo a waje kusa da taya. Yaro ƙarami kuma a tsakiya ko a cinya, ba a bakin ƙofa ba, dan sahu ba ƙofa gare shi ba kuma juyawa yake ba zato.

Da gaske ne ana sata a cikin sahu?

Da gaske ne, amma ba abun da zai hana ka fita bane, yawancin ƴan sahu neman halak ɗinsu suke. Ɓata-garin suna da salon da aka sani. Zaka tarar da mutum biyu a ciki kamar fasinjoji, a matsa maka, sai ɗaya ya fara cewa amai yake ji ko zai tofar da yawu ya riƙa ranƙwafowa ta kanka, ko a ce ka gyara zama kujerar ta karye, kana ta gyare-gyare hannu yana aljihunka. Can sai direban ya ce ai ba nan ya yi ba ka sauka, ko kuɗi ba zai karɓa ba. Duk sanda ka ga an fara irin wannan ka dafe aljihunka ka ce a sauke ka a wurin da mutane suke.

Sai ƙwacen waya. Kar ka zauna a gefe kana latsa waya hannunka a waje, musamman a gosulo da wajen danja da bayan magariba. In kira ya zama dole ka riƙe ta da hannun da ke ciki. In kuma Allah ya kiyaye aka tare ka da makami, ka bayar, waya ana sayen wata. Kafin ka hau ka saba da duba lambar da aka rubuta a jikin sahun, wanda babu lamba ko an goge ta ka bar shi ya wuce.

Zan yi cefane ko sari, ya zan yi da kaya?

Fara da sanin kasuwar da ta dace dan kar ka yi ta biyan kuɗin mota a banza. Atamfa da shadda da leshi Kantin Kwari. Shinkafa, taliya, sukari, mai da kayan kwali Singa. Kayan miya da ganye Yankaba, 'ya'yan itace Ƴan Lemo, hatsi da buhu Dawanau. Robobi da gwanjo Ƙofar Wambai, kayan gini da na mota Ƙofar Ruwa, waya Farm Centre ko titin Beirut. Kayan gargajiya da turare da kayan fata kasuwar Kurmi a cikin birni, wadda take nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Sabon Gari kuwa kusan komai akwai.

Tsakanin Kwari da Singa da Sabon Gari kar ka wahalar da kanka da hawa sahu da rana tsaka, ƙafa ta fi sauri. Ka gama sayayyarka ka tara a shago ɗaya, ka samu ɗan dako ko mai baro ku yi ciniki ya fitar maka da su bakin titi, kana biye da shi ba ka sha gabansa ba, sannan ka nemi dirof. Leda biyu uku zaka iya riƙewa a haɗaka, buhu ɗaya a bayan kujera ana ƙara masa kuɗi kaɗan, amma in kaya sun kai buhu uku huɗu ko katifa ko kwanon rufi toh kurkura zaka ɗauka. Ka ƙirga ƙullin kayanka a gaban direban lokacin lodi, ka sake ƙirgawa lokacin saukewa kafin ka biya.

Zan kai mara lafiya asibiti, wace shawara?

Dirof kawai, kuma ka gaya masa mara lafiya ne ya bi a hankali a kan ramuka da tudun rage gudu. Ka faɗi sunan da aka san asibitin da shi, asibitin Malam na titin Zariya, asibitin Murtala na Ƙofar Mata, asibitin Nasarawa, asibitin ƙashi na Dala, Hasiya Bayero na yara. In ganin likita ne ka fito da an idar da asuba gari ya ɗan waye dan layin kati da wuri ake kamawa. Wanda aka yi wa aiki ko mai karaya ko mai tsohon ciki da ta fara jin ciwo, in da hali mota ta fi, girgizar sahu tana da yawa.

Na manta kayana a cikin sahu, akwai yadda zan yi?

In ka riƙe lambar jikinsa abun ya zo da sauƙi, ka je wurin shugabannin ƴan sahu na inda ka hau ko ofishin KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, da ita. In taransifa ka yi masa, sunansa yana cikin rasit ɗinka. In babu ko ɗaya ka koma daidai inda ka hau a irin lokacin, tunda layi ɗaya suke bi, sannan ka kai cigiya gidan rediyo dan ƴan sahu suna sauraren rediyo sosai. A 2023 wani matashi ɗan sahu a nan Kano ya mayar da kuɗi kimanin naira miliyan 15 da wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta a babur ɗinsa, kuma a rediyo ya ji cigiyar. Irinsa suna da yawa waɗanda ba a ji labarinsu ba, shi ya sa bana son a yi wa ƴan sahu kuɗin goro.

Ƴan KAROTA sun tare sahun da nake ciki, me zan yi?

KAROTA hukumar jiha ce mai kula da zirga-zirgar ababen hawa, an kafa ta a 2012, kuma da direba suke magana ba da kai ba. Yawanci a kan tsayawa inda aka hana ne, ko saɓa danja, ko bin hannun da ba nasa ba, ko lodi fiye da ƙa'ida, ko takardu. Ka ɗan jira, in ka ga abun zai ja lokaci ka biya shi kuɗin inda ya kawo ka ka nemi wani. Mu fasinjoji ma muna da hannu a ciki, mu ne muke cewa sauke ni nan a tsakiyar shataletale ko a kan gada ko a bakin danja, in aka kama shi kuma mu yi tafiyarmu mu bar shi da tara. Ka sanar da shi tun da ɗan nisa, "Malam gaba kaɗan bayan gidan man nan zan sauka", ya samu wuri mai kyau ya faka, sannan ka sauka ta ɓangaren da ba motoci.